Kawu zai buɗe shagon kayan gini a bakin titi, na tambaye shi inda tirela za ta tsaya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su su saurara ba. Na rubuta shi yadda na faɗe shi, don haka in kun ga magana ta ɗan karkace ku yi haƙuri.

Yau maganar gida zan yi. Kuma sai da na nemi izini kafin na kawo ta nan, mai maganar ya ce in faɗa amma kar in kama suna. To ba zan kama ba.

Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Mutum ne da ya sha wahalar neman na kansa. Shekara da shekaru yana harkar albasa, yana bin motoci zuwa kudu, daga baya ya haɗa da shinkafa. Allah ya rufa masa asiri ya sayi fuloti biyu manne da juna a bakin babban titi a nan Yauri, ya ce shi kam tafiye-tafiye sun ishe shi, shagon kayan gini zai buɗe ya zauna kusa da iyalinsa. Siminti, rodi, kwanon rufi, katako, fenti, ƙusa, bututun ruwa, da sauransu.

Kuma gaskiya lissafinsa na kasuwa ba laifi. Ku duba yadda garin nan yake faɗaɗa. Ku duba ƙauyukan Ngaski da Shanga, duk wanda ya sayar da amfanin gona abu na farko shi ne ya sa kwano a ɗaki. Ga kuma mutanenmu na bakin ruwa. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya tashi sama da mutum dubu 40, gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka. Gidajen nan yanzu sun haura shekara 50, wani yana son gyara, wani 'ya'ya da jikoki sun yi yawa ana son ƙari. Masu saye akwai su. Wannan ban taɓa yi masa musu ba.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya shimfiɗa min takardar da magininsa ya zana masa. Shaguna bakwai a jere suna kallon titi, biyu nasa, biyar na haya. Babban sito a baya. A tsakiya wata 'yar ƙofa da baro zai iya wucewa. Yana nuna min yana murmushi.

Na ce, “Kawu, Allah ya sanya alheri. Amma in tirelar siminti ta zo, a ina za ta tsaya?”

Ya kalle ni kamar na tambaye shi inda rana take fitowa. Ya ce, “A titi mana. Ina sauran mutane suke tsayawa?”

To daga nan maganar ta soma, kuma har yanzu ba ta ƙare ba.

Bari in fara da titin kansa, don wasu cikinmu sun tashi sun gan shi ne kawai, ba su san nauyin da yake ɗauke da shi ba. Titin da ya ratsa Yauri ba layin unguwa ba ne. Babbar hanyar tarayya ce, wadda a taswira ake kira A1. Ta taso tun daga Legas, ta bi Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, Kontagora, ta shigo mana nan, ta wuce Koko, Jega, Tambuwal, Sakkwato har Illela bakin iyakar Nijar. Tankar mai ta nan take bi. Motar shanu ta nan. Motar albasa, motar hatsi, manyan bas masu tafiyar dare, duk ta nan. Direban da ya taso daga Ilorin bai san Kawu ba, bai san ana sauke siminti a gabansa ba. Shi dai ya san yana kan babbar hanya.

Yanzu ku zo mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Irin wannan titi mai hannu biyu faɗin kwaltarsa yawanci mita 7.3 ne, kowane hannu ya samu mita 3.65. Faɗin tirela kusan mita biyu da rabi ne. Ko da direba ya yi ƙoƙari ya sauke tayoyin gefe ɗaya ƙasa, rabinta na kan kwalta. Kuma kun san a cikin gari gefen titi ba kowa ne ya bar shi ba, akwai mai teburi, akwai mai faci, akwai 'yan kabu-kabu da suke jiran fasinja. Ke nan duk motar da ta taho ta wannan hannu dole ta leƙa hannun wasu kafin ta wuce. Motoci biyu manya su haɗu a wurin, sai ɗaya ta tsaya.

Tsayuwar kuma ba ta minti biyar ba ce. Buhun siminti kilo 50 ne. Tirelar da aka fi sani tana ɗauko buhu 600, wato tan 30, akwai ma masu ɗauko 900. Da ka ake sauke shi, buhu ɗaya bayan ɗaya. In kana da 'yan dako shida, kowannensu sai ya yi sawu 100 daga mota zuwa sito. A zanen Kawu kuma siton yana can baya, ta wannan 'yar ƙofa. Ku ƙiyasta da kanku awa nawa hannun titi ɗaya zai yi a toshe.

Kawu ya ce ai tirelar ba kullum za ta zo ba, wataƙila sau ɗaya a mako. Na ce haka ne, amma simintin da ya shigo a mota ɗaya ba a mota ɗaya zai fita ba. A ce keke napep yana ɗaukar buhu 10. Buhu 600 sawu 60 ke nan. Kowane sawu sai ya tsaya, a loda masa, ya juya, ya shiga titi. Ban sa masu babur da ke ɗaukar buhu biyu ko uku ba, ban sa a-kori-kura da masu amalanke ba. Wannan fa siminti kaɗai. Ni a ganina waɗannan ƙananan sun fi tirelar ma yawan takura wa hanya, don su daga safe har magariba ne.

Sai rodi. Wallahi rodi shi ne ya fi ba ni tsoro. Tsawonsa mita 12 ne, ana lanƙwasa shi biyu, duk da haka ya fi keke napep tsawo nesa ba kusa ba. Kun sha gani, an ɗaure shi a saman keke, bakinsa yana jan kwalta yana tartsatsi. In mai keken zai fito daga shago ya sha kwana, wutsiyar rodin nan sai ta share wuri kamar tsintsiya. Mai babur da ke biye ba ya ganin ta, musamman da yamma. Wasu suna ɗaura jan ƙyalle, wasu leda, wasu ko oho.

Akwai kuma maganar hannu. Simintin da ake sayarwa a yankinmu wani daga arewa yake zuwa, daga masana'antar BUA da ke Kalambaina a Sakkwato, wani kuma daga kudu, irin na Dangote da ake yi a Obajana ta jihar Kogi. Tun 1972 a Nijeriya hannun dama muke tuƙi. Fulotin Kawu kuwa in ka taho daga Koko yana hannun hagunka. Ma'ana motar da ta taso daga Sakkwato, ko dai ta tsaya a ɗaya gefen 'yan dako su riƙa tsallaka titi da buhu a ka, ko kuma ta gitta hannun masu tahowa ta tsaya tana kallon su. Duka biyun babu na zaɓe. Mutumin da ya ɗora kilo 50 a kansa ba ya iya waiwaye da sauri, ba ya iya gudu. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Kafin direba ya gane abin da ke gabansa ya kai ƙafa kan burki, sakan biyu sun wuce, ya riga ya ci sama da mita 30. Wannan ƙaramar mota ke nan. Tanka mai cike da mai ba a ma magana.

Zan faɗi dalilin da ya sa na kafe a kan maganar nan, don Kawu da farko ya ɗauka boko ne kawai yake damuna. Akwai wani abokina da muka yi sakandare tare. Yana dawowa gida a kan babur bayan isha'i ya afka wa bayan wata babbar mota da aka ajiye a gefen titi, ana jiran gari ya waye a sauke kaya. Babu fitila, babu alama, sai ɗan ganye da aka zuba wanda iska ta riga ta kwashe. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Allah ya jiƙansa. An ce ƙaddara ce, kuma mun yarda da ƙaddara. Amma ni har yau in na wuce wurin sai na tuna cewa motar nan tana da mai kaya, kuma mai kayan yana gida yana barci lokacin.

Da na ga bakina ba zai kai ba, sai na nemo wanda Kawu zai ji maganarsa. Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon direban tirela, ya yi shekaru yana bin hanyar Legas kafin idonsa ya raunana. Na roƙe shi ya raka mu fulotin. Na sayi igiya na auna mita 17, kwatankwacin tsawon tirela da kanta, muka shimfiɗa a ƙasa. Yara suka taru suna kallonmu, suna cewa ko rijiya za a haƙa.

Abin da ya fara ba Kawu mamaki shi ne, igiyar ta fi gaban fuloti ɗaya tsawo. Fulotin da muka saba da shi ƙafa 50 ne a gaba, 100 a tsaye, wato kusan mita 15 da mita 30. Ke nan duk mai fuloti ɗaya da ya ce tirela za ta tsaya a ƙofarsa, to ta shiga ƙofar maƙwabcinsa ko yana so ko ba ya so. Kawu da yake nasa biyu ne yana da kusan mita 30 kowace kusurwa.

Kawu ya ce to shi ke nan, sai a buɗe babban get a tsakiya, mota ta shiga ta juya a ciki ta fito. Dattijon nan ya yi dariya har da riƙe gemu. Ya ce, “Alhaji, tirela ba akuya ba ce da za ka ja ta da igiya ta juyo. In ka gina sito a nan, ka gina shaguna a can, ko ni da na tsufa a kanta ba zan juya ta ba.” Kuma gaskiyarsa. A ƙasashen Turai ƙa'idar da aka sa wa masu ƙera irin waɗannan motoci ita ce su iya zagayawa cikin da'irar da faɗinta ya kai mita 25. Fili mai mita 30, in mota za ta zagaya a ciki, me ya rage na gini?

Kawu ya ce to ta shiga da baya. Dattijo ya ce za a iya, kullum ma ana yi. Amma kafin ta shiga da baya sai ta gindaya a titi, ta tare hannu biyun gaba ɗaya, yaron mota yana ɗaga hannu yana ihu, a yi gaba a yi baya sau uku ko huɗu. Ya ce shi abin da ya fi tsana a rayuwarsa ta tuƙi shi ne ribas a bakin babban titi, don madubi ba ya nuna maka yaron da ya ratsa ta bayanka.

Shawararsa ita ce mota ta shiga ta ƙofa ɗaya ta fita ta wata, kanta a gaba koyaushe. Fulotin Kawu a kan kwana yake, akwai layi a gefensa. Ya ce a yi get mai faɗi a bakin titi, a bar hanya ta ratsa fili, a fitar da wani get ta layin. Sito ya kasance a gefen wannan hanya yadda 'yan dako taku kaɗan za su yi. Kekuna da a-kori-kura su ma a ciki za a riƙa loda musu. Farashin wannan shi ne shaguna uku daga cikin bakwai sun tafi.

Nan fa fuskar Kawu ta canza. Shago uku a bakin titi, kuɗin hayarsu na shekara ba wasa ba ne, kuma da shi ya yi niyyar biyan bashin da zai ci na ginin. Ban ga laifinsa ba. Mai sauƙi ne ni da ban zuba ko sisi ba in tsaya ina cewa a bar fili.

Kuma kar ku ɗauka shawarar dattijon ta warware komai. Layin nan da ake cewa mota ta fita ta cikinsa, shi yaran unguwa suke bi zuwa Islamiyya. Da labari ya shiga gidaje, wata tsohuwa da ke sayar da ƙosai a bakin layin ta tare ni ta ce, “Kai ɗan nan, ka ɗauke masifa daga titi ka kawo mana ƙofar gida?” Na rasa amsar da zan ba ta. Ta kuma kawo maganar ƙurar siminti, wadda ni ko tunaninta ban yi ba. Ta ce wa zai sayi ƙosai mai toka?

Sai aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. A nan aka kawo abubuwan da ni da lissafina duk ban hango ba. Wani ya yi maganar lambatu. Ya ce in aka ɗora siririn kankare a kai, tirela mai tan 30 ban da nauyin kanta ta taka, rana ɗaya zai rufta, ruwa ya rasa hanya, damina ta zo ya shiga gidajen mutane, ya shiga siton ma. Kowa ya san abin da ruwa yake yi wa siminti. Dole a yi kwalbati na gaske da rodi a ciki. Wani ya yi maganar ranar kasuwa. Ranar ce mutanen ƙauye da na tsallaken ruwa suke shigowa, wanda ya taho ta Zamare, wanda ya taho daga Wara, wanda zai sayi bandir ɗin kwano a kai masa bakin ruwa a sa a jirgi. Ranar da Kawu zai fi ciniki ita ce ranar da titin ya fi cika. Ga kuma lokacin albasa da manyan motoci ke yawa. Aka ce to tirela kar ta zo ranar kasuwa, kar ta zo lokacin tafiya ko tashin makaranta, kuma kar ta kwana a bakin titi ko da dare ya yi mata. Liman ya tunatar da mu cewa a Musulunci hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta yana cikin imani. Kawu dai yana zaune yana jan carbi, bai ce uffan ba.

Akwai abu ɗaya da na ajiye sai da muka keɓe, don ban so in faɗa a gaban mutane. Titin nan na gwamnatin tarayya ne, kuma ma'aikatar ayyuka tana ɗaukar mita 45.72 daga tsakiyar titi, kowane gefe, a matsayin filin hanya. Na san za ku ce wa yake bin wannan a cikin gari? Kusan babu. Amma ranar da aka tashi faɗaɗa titi, da wannan ma'auni ake zuwa da jan fenti. Kuma a jiha muna da hukumar raya birane, KUDA, wadda ake kai wa zanen gini ta duba kafin a fara. Mutanenmu da yawa sai sun kai linta sannan suke tunawa da ita. Na ce, “Kawu, shagunan da kake jin zafin rasawa, su ne suka fi kusa da kwalta. Gara mu je mu tambaya tun bulo bai hau bulo ba.”

Wannan ce kaɗai maganar da na ga ta shige shi nan take. Haɗari yana ganin kamar na wasu ne. Rusau kuwa ya taɓa ganin yadda aka yi wa abokan kasuwancinsa a kudu.

Ni da za a bi tawa, da siton siminti da rodi ya koma bayan gari inda fili yake da araha, tirela ta shiga ta juya yadda take so, a bar ɗan shago a bakin titi na fenti da ƙusa da karɓar kuɗi. Wanda ya biya a ba shi rasit ya je can a loda masa. Kawu ya ce a'a. Ya ce mutumin ƙauye yana son ya ga buhunsa da idonsa kafin ya zaro kuɗi, kuma sito biyu mai gadi biyu ne. A nan ma ba zan ce ƙarya ya yi ba, ya fi ni sanin masu sayensa.

Inda muke yanzu shi ne, ya yarda da get biyu, ya yarda da kwalbati, ya yarda tirela ba za ta kwana a titi ba. Shaguna kuwa ya ce biyu zai cire ba uku ba, dattijo kuma ya ce da biyu motar za ta goge bango. Maganar ranar kasuwa ya ce ba a hannunsa take ba, mota in ta taso ta taso, shi ba zai iya ce wa direba ya tsaya a Koko ya jira shi ba. Mai ƙosai har yanzu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Mahaifiyata kuma ta kira ni ta ce in bi ƙaninta a hankali, ba a yi wa babba gyara a gaban jama'a. Na karɓi wannan, don akwai wurin da na ɗaga murya a zaman mai unguwa, bai kamata ba.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu je Birnin Kebbi ni da shi da maginin, da zanen a hannu, mu ji abin da za a ce mana game da tazarar titi. Igiyar ma tana but ɗin motarsa, shi da kansa ya ce a taho da ita.

In akwai direban babbar mota cikin masu bin mu, ko wanda yake da irin wannan shago a Yauri, Koko ko Kontagora, ina son jin yadda kuke sauke kaya, musamman wanda ya gwada get biyu a fili mai ƙafa 100. Abin da muka jiyo a Birnin Kebbi zan kawo muku a shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.